Jama'ar yogar Ashtanga: yadda wani ɗan ɗaki a Mysore ya zama makarantar baƙi, da tambayar wa ke ba da ijaza

Ranar 11 ga Nuwamban 2024 Sharath Jois ya rasu a jihar Virginia ta Amurka yana da shekara 53. Koyarwa ce ta kai shi ƙasar, ya fita tattaki cikin duwatsu tare da wasu ɗalibansa, ajali ya cim masa a can. Wanda bai san harkar ba zai ɗauka labarin mutuwar wani malamin motsa jiki ne ɗan Indiya, shi ke nan. Amma a wajen dubban mutanen da ke bin salon yogar da ake kira Ashtanga, a Turai da Amurka da Japan da Brazil, rasuwar ta tayar da tambayar da ba a saba yi ba: daga yanzu wa zai riƙa cewa wane ya isa ya koyar? Kusan shekara hamsin ke nan gida guda a birnin Mysore, a kudancin Indiya, wanda Sharath ya gaji jagorancinsa daga kakansa Pattabhi Jois, shi ke riƙe da wannan iko, kuma duk mai son a san da shi a cikin jama'ar sai ya yi tattaki ya je can ya zauna gaban malami.

Fahimtar wannan ruɗani na buƙatar a koma farkon labarin, lokacin da ɗaliban ƙetare ba su wuce a ƙirga su da yatsun hannu ba.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Kalmar yoga daga harshen Sanskrit take, tsohon harshen addini da ilimi na Indiya, kuma tushenta na nufin haɗawa ko ɗaurewa, kamar yadda ake ɗaura wa shanun noma karkiya. A tsoffin rubuce-rubuce manufarta ita ce kame zuciya daga kai-komon tunani. Wani malami na zamanin da mai suna Patanjali ya kasa hanyar zuwa rassa takwas, kuma ma'anar kalmar ashtanga ke nan, rassa takwas. Sun haɗa da kamewa daga munanan halaye, ladubban kai, zaman jiki, sarrafa numfashi, janye gaɓɓai daga abin da ke ɗauke hankali, tattara tunani, zurfafa shi, sai matakin ƙarshe na nutsewa baki ɗaya. Zaman jiki, wanda suke kira asana, reshe ɗaya ne kacal, kuma jimloli uku ne suka yi magana a kansa cikin kusan 196 da aka jingina wa Patanjali.

Abin da duniya ke kira Ashtanga a yau wani abu ne da ya fi wannan ƙanƙanta kuma ya fi shi sabunta. Jeri ne tsayayye na lanƙwasa jiki da miƙewa da tsalle, kowane motsi an ɗaure shi da shaƙa ko fitar da numfashi, ido kuma na kallon wani wuri da aka ƙayyade. Jeri shida ne, kuma akasarin masu yi ba sa wuce na farko ko na biyu har tsawon rayuwarsu. Ɗakin da ake koyarwa sunansa shala. Sai kalmar da ta fi kowace nauyi a wannan labari, parampara, wato miƙa ilimi daga bakin malami zuwa ɗalibi ba tare da yankewa ba. Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tunani, domin ya san silsila, ya san ijaza, ya kuma san ɗalibin da ke barin garinsu ya tafi gabas neman karatu wurin malamin da ya yi suna. Abin da ake karantawa ya sha bamban, amma yadda ake auna darajar mai ilimi da sunan wanda ya zauna gabansa iri ɗaya ne.

Fadar sarki da yaron da ya gudo daga ƙauye

Tushen labarin wani malami ne, Tirumalai Krishnamacharya, wanda aka haifa a 1888 ya rasu a 1989. Sarkin Mysore na lokacin, Krishna Raja Wadiyar na Huɗu, ya ɗauki nauyinsa, kuma a 1933 aka buɗe masa makarantar yoga a fadar Jaganmohan. Ɗalibansa yawanci samari ne masu jini a jika, wasunsu 'ya'yan gidan sarauta, shi ya sa koyarwar ta kasance mai zafi da yawan tsalle. Sarkin kan tura shi da yaransa garuruwa su yi nuni a bainar jama'a domin farfaɗo da abin da ake gani a matsayin gadon Indiya a zamanin mulkin Turawan Ingila.

Tun kafin a buɗe makarantar, a 1927, wani yaro ɗan shekara goma sha biyu mai suna Pattabhi Jois ya ga irin wannan nuni a garin Hassan, ya nemi a karɓe shi ɗalibi. Bayan 'yan shekaru ya bar ƙauyensu Kowshika ya nufi Mysore da rupi biyu a aljihu domin karatun Sanskrit, ya sake haɗuwa da malamin, ya zauna ƙarƙashinsa fiye da shekara ashirin. Daga 1937 zuwa 1973 ya koyar da yoga a Kwalejin Sanskrit ta birnin, a 1948 kuma ya buɗe tasa cibiyar a gidansa da ke unguwar Lakshmipuram.

Daga hannun Krishnamacharya wasu mashahurai biyu ma suka fito. Ɗaya shi ne ƙanen matarsa, B.K.S. Iyengar, wanda ya koma birnin Pune a 1937, daga baya haɗuwarsa da makaɗin goge Yehudi Menuhin a 1952 ta buɗe masa ƙofar Turai. Ɗayar kuma Indra Devi ce, haifaffiyar birnin Riga, wadda ta yi karatu a Mysore a ƙarshen shekarun 1930 sannan ta kai yoga Hollywood. Bayan Indiya ta sami 'yancin kai a 1947 ikon sarakuna ya ragu, tallafin fada ya yanke, aka rufe makarantar Jaganmohan a 1950, Krishnamacharya ya koma Madras. Jois ya ci gaba da zama a Mysore, malami mai ƙaramin albashi, ɗalibansa 'yan gari ne, da yawansu masu neman sauƙin wata lalura.

Baƙin farko

A 1964 wani ɗan Beljiyam, André Van Lysebeth, ya yi wata biyu yana karatu wurin Jois. Da ya koma gida ya yi rubutu da Faransanci ya ambaci sunan malamin har da inda za a same shi. Daga nan Turawa ɗaiɗaiku suka fara ƙwanƙwasa ƙofar gidan.

Amma waɗanda suka kafa jama'ar da ake magana a kanta Amurkawa ne, kuma a farkon shekarun 1970 suka iso. Norman Allen da David Williams sun ga ɗan Jois mai suna Manju yana nuna jerin farko a wata cibiya kusa da Pondicherry, abin ya ɗauke musu hankali. Allen ya fara isa Mysore. A 1973 Williams ya dawo tare da Nancy Gilgoff suka zauna wata huɗu suna karatu. Malamin Turancinsa kaɗan ne, su kuma ba sa jin Kannada, harshen yankin. Saboda haka koyarwar ta zama ta hannu: ya kama ƙafar ɗalibi ya ajiye inda ya kamata, ya danna baya, ya ƙirga numfashi da Sanskrit, ekam, dve, trini. Wannan rashin harshe ya yi tasiri fiye da yadda ake zato. Baƙin sun kwaso motsin jiki cikakke, amma bayanin falsafa da nassoshin da malamin ya shafe shekaru yana karantawa kaɗan ne ya tsallako tare da su. Maganar da ɗalibansa suka fi riƙewa daga bakinsa ita ce yoga kashi 99 aikatawa ce, kashi ɗaya ne bayani.

Ba haɗari ne ya sa aka yi wannan haɗuwa a waɗannan shekaru ba. Matasan Yammacin duniya da dama sun gundura da yaƙin Vietnam da rayuwar tara abin duniya, suna neman wata ma'ana daga gabas. Hanyar ƙasa a buɗe take, mutum zai hau motar haya daga Turai ya ratsa Turkiyya da Iran da Afghanistan da Pakistan har Indiya, kafin juyin juya halin Iran da shigar sojojin Tarayyar Sobiyat Afghanistan su toshe ta a 1979. Rayuwa a Indiya na da araha ga mai dala, ɗan abin da mutum ya tara daga aikin ƙwadago na 'yan watanni zai riƙe shi dogon lokaci. A ɗaya ɓangaren kuma, dokar shige da fice ta Amurka ta 1965 ta sassauta shingen da dokar 1924 ta gindaya wa mutanen Asiya, malaman Indiya suka sami damar shiga su zauna.

Encinitas, gida na biyu

A 1975 Williams da Gilgoff suka gayyato Jois da ɗansa Manju zuwa Encinitas, wani ƙaramin gari a bakin teku kusa da San Diego a Kalifoniya. Garin ba baƙon malaman Indiya ba ne, domin tun shekarun 1930 Paramahansa Yogananda ke da wurin kaɗaita a can, har wani bakin ruwa da masu wasan igiyar teku ke so ya samo sunansa daga wurin. Jois ya yi 'yan watanni ya koma, Manju ya yi zamansa a Amurka. Williams da Gilgoff daga baya suka koma tsibirin Maui na Hawaii suka kafa wani reshe, koyarwar Encinitas kuma ta faɗa hannun waɗanda suka biyo baya, cikinsu har da Tim Miller, wanda ya zama ɗaya daga cikin fitattun malaman salon a Amurka.

A nan ne al'adar ta kafu: a yi aiki a gida a tara kuɗi, a tafi Mysore wata ɗaya zuwa uku, a dawo a koyar da abin da aka samo, baɗi a sake komawa.

Ɗakin Lakshmipuram ƙarami ne, tabarma goma sha biyu yake ɗauka in an matsa. Tun kafin asuba ake farawa. Waɗanda ba su sami wuri ba sai su jeru kan matakalar bene suna jira, da zarar wani ya gama ya naɗe tabarmarsa malamin zai kira mutum ɗaya ya shigo. Ba a koyarwa da murya ɗaya ga kowa. Kowane ɗalibi na bin jerinsa da saurin numfashinsa, ba abin da ake ji sai sautin numfashi da dirar ƙafa, malamin na zagayawa yana gyara wannan yana tsayar da wancan. Ba ka ƙara sabon motsi da kanka, sai an ba ka, kamar yadda ɗalibin allo ba ya ƙara wa kansa karatu sai malam ya biya masa. Mutum kan shafe watanni a motsi ɗaya. Kwana shida ake yi a mako, ana hutawa ranar tsayuwar wata da ranar cikarsa. Wannan tsari shi ake kira salon Mysore a duk inda ake yinsa a duniya.

Da yawan masu zuwa ya fi ƙarfin ɗakin, a 2002 aka koma babban zaure a unguwar Gokulam. Pattabhi Jois ya rasu a watan Mayun 2009, jagoranci ya koma hannun jikansa Sharath, 'yarsa Saraswathi kuma, mahaifiyar Sharath, ta ci gaba da koyar da nata ɗaliban.

Ijazar Mysore da takardar awa 200

A Mysore, har zuwa rasuwar Sharath a 2024, babu jarrabawa a rubuce, babu adadin darussan da in ka cika za ka karɓi takarda. Sai ka yi zuwa da yawa cikin shekaru, malamin ya gamsu da kai, sannan ya ba ka izinin koyarwa. Akwai matakin izini, akwai kuma mataki na sama da mutane ƙalilan suka taɓa samu. Sunanka zai shiga jerin da cibiyar ke wallafawa, kuma wannan jeri shi ne jarin malami a London ko Tokyo.

A gefe guda, a 1999 aka kafa ƙungiyar Yoga Alliance a Amurka, wadda ta shahara da ma'aunin horo na awa 200. Ana iya kammala shi cikin wata guda, kuma makarantu barkatai a Rishikesh da Goa da Bali suna bayar da shi. Gwamnatin Indiya ma ta shigo: a 2014 ta kafa ma'aikatar AYUSH mai kula da yoga da magungunan gargajiya, wadda ke da nata tsarin tantance malamai.

Masu goyon bayan tsarin Mysore na cewa abin da ake yi da jiki da numfashi ba ya koyuwa cikin mako huɗu, kuma ido da hannun malamin da ya san ka shekara da shekaru sun fi kowace takarda. Masu suka na cewa tsarin ya fifita mai kuɗin jirgi da wanda zai iya barin aiki da iyali wata uku, ga shi hukunci na hannun mutum ɗaya, babu inda za a ɗaukaka ƙara. Masu kare tsarin awa 200 kuma hujjarsu ita ce aƙalla akwai manhaja a rubuce, akwai darasin sanin sassan jiki, kowa ya san abin da ya biya kuɗi a kai. Duka ɓangarorin na da abin kamawa. Sai dai rasuwar Sharath ta fito da raunin tsarin farko fili, domin ikon da aka rataya a wuyan mutum guda yana girgiza ranar da aka wayi gari babu shi.

Shekarun salon nawa ne?

Jois ya riƙa faɗin cewa jerin motsin daga wani tsohon littafi ne mai suna Yoga Korunta, wanda malaminsa ya koya, kuma an ce tururuwa sun cinye kwafinsa. Babu wanda ya taɓa gabatar da littafin ga masu bincike. Masana irin su Norman Sjoman da Mark Singleton sun bi diddigin abin da ake yi a fadar Mysore, suka nuna kamanceceniya tsakanin wasu motsin da atisayen 'yan kokawar Indiya da kuma wasannin motsa jiki na Turai da suka yaɗu a makarantu da barikoki a farkon ƙarni na ashirin. Mabiya gargajiya na amsawa da cewa rashin takarda ba ya kore abin da aka gada da baki, kuma haɗa motsi da numfashi daɗaɗɗen abu ne a Indiya. Abin da hujjojin da ke hannu suka fi ƙarfafawa shi ne tunanin tsoho ne, amma jerin a siffarsa ta yau aikin ƙarni na ashirin ne. Ɗaliban farko ma sun shaida cewa a zamaninsu jeri huɗu ne, daga baya aka mayar da su shida.

Abin da aka daɗe ba a faɗa ba

Dogaro ga malami guda yana da wani farashi mafi tsanani. Daga 2010, musamman kuma daga 2017, mata da dama da suka yi karatu wurin Pattabhi Jois sun fito sun bayyana cewa ya riƙa taɓa su ta hanyar da ba ta dace ba da sunan gyara musu zama. Akwai hotuna da bidiyo da suka ƙarfafa maganarsu. Ya riga ya rasu, ba a taɓa gurfanar da shi gaban kotu ba. A 2019 Sharath ya fitar da sanarwa ya amsa cewa ya ga irin wannan gyara da bai kamata ba, ya nuna takaicinsa ga waɗanda abin ya shafa. Wasu daga cikin matan sun ce sanarwar ba ta wadatar ba.

Dalilin daɗewar shirun yana cikin tsarin kansa. Wanda ijazarsa da abincinsa ke hannun gida guda zai yi tunani sau biyu kafin ya buɗe baki, ga kuma koyarwar da ke cewa ɗalibi ya miƙa wuya ga malami. Bayan fitowar zarge-zargen, ɗakunan koyarwa da yawa sun cire hoton Jois daga bango, wasu suka kawo ƙa'idar neman izinin ɗalibi kafin a kai masa hannu.

Motsa jiki ne ko ibada?

Wannan ita ce tambayar da mai karatu Musulmi ko Kirista zai fara yi, kuma a Encinitas ɗin nan aka kai ta kotu. Wata gidauniya mai ɗauke da sunan Jois ta ba hukumar makarantun firamaren garin fiye da dala dubu 500 domin koyar da yoga, wasu iyaye Kiristoci suka shigar da ƙara cewa ana cusa wa 'ya'yansu addinin Hindu. A watan Yulin 2013 alƙali John Meyer ya yanke cewa yoga na da tushen addini, amma abin da ake koya wa yaran an tsame shi daga addu'o'i da kalmomin Sanskrit, don haka bai saɓa wa tsarin mulki ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2015.

A ƙasashen Musulmi ma rabe-raben kusan iri ɗaya aka yi. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga a Nuwamban 2008 saboda abubuwan bautar Hindu da ke ciki, sannan firaministan lokacin, Abdullah Badawi, ya ce ana iya yin motsa jikin muddin babu rera addu'o'in. Majalisar malaman Indunusiya a farkon 2009 ta haramta wadda ke ɗauke da addu'o'in bauta, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Saudiyya kuwa a 2017 ta amince da yoga a matsayin wasan motsa jiki. Ko a Indiya, lokacin bikin Ranar Yoga ta Duniya na farko ranar 21 ga Yunin 2015, bayan Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ranar a Disamban 2014, ƙungiyoyin Musulmi sun ƙi amincewa da motsin da ake kira gaisuwar rana, kuma ba a sa shi cikin jerin hukuma ba.

Game da Ashtanga ta Mysore, gaskiyar lamarin a bayyane take. Da gaisuwar rana ake buɗe kowane jeri, kuma kafin ta ana rera wata addu'a da Sanskrit wadda ke ƙarewa da rusunawa ga Patanjali, ana siffanta shi da kawuna dubu, riƙe da ƙahon kodi da faifai da takobi. Wasu masu yi na ɗaukar ta godiya ga malamai, wasu na ɗaukar ta ibada. Wanda ke son hukunci a addininsa zai fi samun amsa madaidaiciya in ya kai wa malaminsa wannan bayani dalla-dalla, maimakon kalmar yoga kawai, tunda abubuwa mabambanta ne ke amsa sunan.

Inda abin ke taɓa mutane

A Gokulam, masu ba da hayar ɗakuna da masu a-daidaita-sahu da masu sayar da ɗanyar kwakwa a bakin titi sun daɗe suna lissafin shekararsu da watannin da baƙi ke cika unguwar. Gwamnati ta san darajar wannan kasuwa: a 2016 ta sa gajeren kwas na yoga cikin abubuwan da bizar yawon buɗe ido ta halatta, a 2022 kuma Firaminista Narendra Modi ya jagoranci bikin Ranar Yoga a harabar fadar Mysore. Duk abin da ya rage kwararar ɗalibai zuwa birnin, waɗannan ƙananan masu sana'a ne za su fara ji a aljihunsu.

Malaman da suka riga suka sami izini suna riƙe da shi, amma ɗalibin da ya yi zuwa uku ko huɗu yana dab da samu, ya kashe kuɗi da shekaru, shi ne ya fi shiga tsaka mai wuya. Mai yiwuwa ikon ya rarrabu tsakanin dangin Jois da tsoffin ɗaliban shekarun 1970 da 1980 waɗanda da ma wasunsu ke horar da nasu malaman.

Shi kuwa mai sha'awar koyo daga nesa, a wurin motsa jiki a Abuja ko Yamai ko ta bidiyon waya, takardar da mai koyarwa ya rataya ba ta gaya masa komai sai ya tambayi wa ya bayar da ita kuma bayan tsawon wane lokaci. Jerin Ashtanga an gina shi ne kan jikin samari, yana matsa wa gwiwa da ƙugu da wuyan hannu, don haka mai ciwon baya ko hawan jini ko mai juna biyu na buƙatar shawarar likita kafin ya fara. Kuma kowane ɗalibi, mace ko namiji, na da damar ya ce kada a taɓa shi, ya kuma tambaya tun ranar farko ko ana buɗe darasi da wata addu'a.